Tafkin Mai Famfo

Shekara talatin da takwas Mai Famfo ya yi yana faɗa da ruwa, kuma a ganinsa shi ya yi nasara. Duk inda ruwa ya kwanta a gidan mutane shi ake kira ya kore shi, inda ya ɓalle shi ke ɗaure shi. Mutum ne da in ya shigo gidanka, kafin a gama gaisawa sai ka ga ya karkatar da kai yana saurare, can ya ce maka akwai bututun da ke yoyo a cikin bangon banɗakinka. Ka yi musu, a fasa bangon, a same shi. Don haka ranar da aka ga an jibge yashi da tsakuwa a ƙofar gidansa, aka kuma ji cewa rami zai haƙa a lambun bayan gida ya tara ruwa da gangan, maƙwabta suka ce lallai tsufa ya fara taɓa shi.

Tsufan yana nan, ba a raba shi da shi ba. Amma ba shi ne dalili ba. Matarsa ce ta makance.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba. Hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, ita kuwa mace ce mai ƙarfin hali da taurin kai, ta yi ta ɓoyewa. In ta ture kofi sai ta ce shi ya ajiye shi inda bai dace ba. Ko da aka je asibiti aikin gama ya gama. Sau uku Mai Famfo yana tambayar likita ko babu wani abu a cikin idon da za a cire a sa sabo, sau uku likita yana ba shi haƙuri. Ya fito yana jin haushin mutumin, don shi a duniyarsa ba a cewa abu ya lalace sannan a naɗe hannu.

A cikin ɗakuna ta saba da sauri. Daga gado zuwa kujerarta, daga kujera zuwa kicin, tana bin bango da bayan hannu, ba ta yarda a riƙe ta. Lambun ne ya gagare ta, alhali nata ne. Ita ta shuka gwaibar nan da lemun tsamin tun yara suna ƙanana, ita ta jera tsofaffin bokitai ta cika su da na'ana'a da barkono, ita ta san wace shuka ke son rana da wadda ba ta so. Amma lambu ba shi da bangon da za a bi. Wata rana da hantsi, yana kasuwa, ta fita ta duba tumatirinta, ta juya sau biyu, sai ƙofa ta ɓace mata. Da ya dawo ya same ta tsaye a tsakiyar rana, taku goma kacal daga gidan da ta yi shekara arba'in a ciki, ta riƙe reshen gwaiba da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar iyakarta bakin ƙofar baya.

'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta har da mijinta, ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a hawa na uku a can ɗaya gefen gari. Ita ta kawo maganar da Mai Famfo ya fi tsoro. Ta ce Mama ta koma wurinta. Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma abin da ya sa maganar ta yi ciwo ke nan: duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Ta ce Baba ya haura saba'in, ƙafarsa ma ciwo take yi. Ta ce Mama ta rame, ba ta fita, ba ta shan iska, wuni take a kujera kamar an dasa ta. Ta ce in dai zaman ɗaki ne, gara ta yi shi a inda akwai mai lura da maganinta da jikokin da za su dame ta da surutu. Shi kuwa Baba, babu wurin da za ta sauke shi don ɗakin ɗaya ne, amma ai yana iya zuwa duk ranar da ya so. Ta tsayar da ƙarshen wata mai zuwa, lokacin da hutunta zai fara.

Ya juya ga matarsa yana jiran ta ƙeƙasa ƙasa, don wannan mace ce da ko gishiri ka ce ya yi yawa sai kun yi sa'a guda kuna ja-in-ja. Ta yi shiru, tana murza bakin mayafinta. Wannan shirun ya fi maganar Auta tsorata shi.

Yadda tafki ya shigo cikin zancen, shi kansa ba zai iya faɗa maka dalla-dalla ba. Akwai wani lungu a ƙarshen lambun, kusa da katanga, inda ƙasa ta ɗan yi kwari. Shekaru da yawa matarsa ta yi tana roƙonsa ya yi mata ɗan wurin ruwa a nan, ta sa bado da 'yan kifaye. Kullum amsarsa ɗaya: sauro, danshi, tushen katanga. A ƙarshe ma, don ya kashe maganar, sai ya binne bututun magudana a wurin, ko ruwan sama bai ƙara kwana a lungun ba. Yanzu kuwa ya tsaya a kan wannan busasshiyar ƙasa yana lissafi irin na mutumin da dabara ta ƙare masa: in ya yi mata abin da ta daɗe tana so, za ta fita. In ta fita, za ta ci abinci, jini ya dawo mata fuska. In Auta ta zo ta ga haka, ba ta da ta cewa.

Mai shagon kayan gini, wanda suka yi shekaru suna ciniki da tsiya, ya dube shi ta saman tabarau da ya ji abin da ya zo saye. Ya ce shi fa ya sayar wa mutane da dama kayan irin wannan aiki, kuma kowannensu in ka tambaye shi sai ya ce don kifi ne. Akwai wanda 'ya'yansa suka watse gida ya yi masa faɗi. Akwai wanda aka sallama daga aiki ya rasa inda zai sa hannuwansa da safe. Akwai wata da mijinta ya rasu, ta ce ba ta iya kallon wurin da yake ajiye kujerarsa, gara ta haƙe shi. Duk kifi suka ce. Sannan ya tambayi Mai Famfo shi nasa kududdufin na mene ne.

"Tafki ne, ba kududdufi ba," in ji Mai Famfo. "Kuma don kifi ne."

Mai shago ya yi dariya ya ƙara masa buhun siminti ɗaya a kan baro.

Ya zage damtse. Shi kaɗai ya yi haƙar, da diga da shebur, yana yi yana hutawa saboda gwiwa. Ya tono bututun magudanar da ya binne da hannunsa ya jefar gefe ba tare da ya dube shi sau biyu ba. Zurfin ramin bai wuce gwiwa ba, faɗinsa kamar tabarma biyu. Ya daddaɓe ƙasan, ya zuba tsakuwa, ya yi kankare, ya shafe da siminti har sau uku, ya jera faffaɗan duwatsu a baki. Kwana tara yana wannan fama. A kwanakin nan matarsa ta sa ya kawo mata kujera bakin ƙofar baya, tana zaune tana jin ƙarar diga da kurjin shebur, har bakinta ya dawo. Takan ce, Injiniya, wannan kabarin na wane ne a cikinmu? In ya tsaya hutawa ta ce ta ji shiru, ko leburan ya gudu ne. Injiniya take ce masa in tana son tsokana, kuma rabonsa da jin sunan tun kafin asibiti. Ya ɗauka murnar tafki ce ta sa ta, ya ƙara ƙaimi.

Sai aka zo wurin da ya fi gwaninta. Ruwan da ba ya motsi ruɓewa yake yi, don haka dole a sa ɗan inji mai juya shi. A nan Mai Famfo ya zuba duk abin da ya koya a shekara talatin da takwas. Ya gina wa injin akwati a cikin ƙasa, ya ɗora shi a kan roba, ya liƙe bangon akwatin da soso don kada a ji gurnaninsa. Bututun da ke mayar da ruwa ya kwantar da shi can ƙasa, ƙarƙashin ruwan, bakinsa na kallon gefe, yadda ruwa zai yi ta zagayawa ba tare da ko kumfa ɗaya ta taso ba. Kowace mahaɗa ya naɗe ta, ya matse, ya sake matsewa. A wurinsa ruwan da ake ji ruwa ne da ke kai ƙarar mai aiki. Da ya kunna injin ya durƙusa ya kara kunne a bakin dutse, bai ji komai ba, sai ya ji daɗi har cikin ransa. Ya kawo bado, ya kawo kifaye shida, huɗu ja, biyu masu ɗigon fari. Kowa ya leƙo ta katanga sai ya ce aiki ya yi kyau, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Da yamma ya kamo hannun matarsa ya kai ta. Yana tafe yana bayani, nan dutse, nan gangare, ga kifin can ya juya, ja ne wur, ga wani ya ɓuya a ƙarƙashin ganye. Ya durƙusar da ita ya sa hannunta a ruwan. Ta ɗan bar shi a ciki, sannan ta cire ta goge a zaninta.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Ya yi kyau, ko?"

Ya ce ya yi kyau. Ta ce to madalla, ya mayar da ita ciki.

Daga ranar ko kujerar bakin ƙofa ba ta ƙara zama a kai ba. Ta koma can cikin falo, ta koma shirunta. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya yi kamar bai damu ba, duk a banza. Da ya matsa mata da tambaya sai ta ce masa, ba da faɗa ba, da can tsoronta ɗaya ne, kada ta ɓata. Yanzu kuwa ta san akwai rami cike da ruwa a wani wuri a gabanta, ba ta san ko taku nawa ba ne, kuma ba ya ko tari balle ta san inda yake. Ya ji maganar, amma abin da ya ɗauka a ciki shi ne ya yi wa tafkin shinge. Har ya fara auna katako.

Auta ta zo ranar Laraba da maganin wata. Ta tsaya a bakin tafkin ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta yi. Ta tambaye shi, Baba, a ce mace ba ta gani, abin da za a yi mata shi ne a haƙa mata rami a cika shi da ruwa? Ta ce a wurin aikinta ta ga abin da ruwa iya gwiwa ke yi wa tsoho in ya faɗa da ka. Ta ce ba za ta jira ƙarshen wata ba, ranar Asabar za ta zo da mota. Ya buɗe baki ya fara maganar shinge, sai ya ji ko a kunnensa maganar ba ta da nauyi, ya haɗiye ta.

Ana cikin wannan duka, akwai wani ƙaramin abu da ke ci masa tuwo a ƙwarya: famfon kicin. Wata biyu ke nan yana ɗiga. Ya matse shi, ya dawo. Ya canja roba, ya dawo. Ya sake canja wata mai tsada, bayan kwana ɗaya ya sake jin ɗal, ɗal, ɗal. Ga abin haushi, kullum sai ya tarar da wani kwanon silba a kife daidai inda ɗigon ke sauka, ƙarar ta cika gida. A gidan kowa wannan ba komai ba ne. A gidan Mai Famfo abin kunya ne.

Ranar Alhamis da safe, da yake bai da inda zai huce, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya ce yau sai ya cire kan famfon gaba ɗaya ya sa sabo. Ya rufe ruwan gidan, ɗigon ya tsaya. Ya kafa sifana ke nan sai ya ji motsi a bayansa. Matarsa ce ta taso daga falo, amma ba ta shigo kicin kai tsaye yadda ta saba ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya, hannunta ɗaya a miƙe yana laluben iska, ta karkata wajen firiji, ta bugi kujera da gwiwa.

"Ka bar famfon nan," ta ce. "Lafiyarsa ƙalau."

Ya ce wace irin lafiya, abin da ya hana shi barci wata biyu.

"Ni ce nake sassauta shi. Da ka juya baya nake buɗe shi kaɗan. Kwanon ma ni nake kifawa."

Ya tsaya da sifana a hannu yana kallonta. Ta lalubo kujerar da ta buge ta ta zauna, ta yi masa bayani a hankali kamar mai koya wa yaro. Ta ce bango yana kai ta inda bango ya je ne kawai. Daga ƙofar falo zuwa wurin wanke-wanke akwai fili, babu abin riƙewa, ɗigon nan ne ke gaya mata inda ta dosa. In yana gabanta, kicin take nufa. In yana hagunta, ƙofar ɗakin kwana na gabanta. In ta farka ba ta san inda ta fuskanta ba, sai ta yi shiru ta jira ɗal ɗaya, gidan gaba ɗaya ya koma mazauninsa. Duk ranar da ya gyara famfon kuwa, wuni take tana cin karo da kaya.

Ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa tun farko.

"Ai na ji yadda kake yi in ka gyara shi," ta ce. "Har 'yar waƙa kake yi kana wanke hannu. Na ce a gidan nan shi kaɗai ya rage maka da kake iya gyarawa. Sai na bar maka."

Mai Famfo ya ajiye sifanar a hankali. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayinta, da wani abu mai kama da fushi wanda bai san wa zai yi wa ba. Wata biyu yana bin matarsa yana kashe mata fitila, yana kuma yaba wa kansa. Ya tuna kwana taran nan da ta yi a bakin ƙofa tana tsokanarsa, ya gane ba tafkin take murna da shi ba. Ƙarar diga ce ta ba ta lambun, ta san inda ƙarshensa yake, ta san inda mijinta yake. Shi kuwa da ya gama sai ya bi ya toshe kowace kafa da sauti zai iya fita.

Ya buɗe ruwan gidan, ya sassauta famfon da hannunsa har ya fara ɗiga, ya gyara wa kwanon zama. Sannan ya ɗauki zarto ya fita baya.

Bai yi sauƙi ba. Ya shiga ruwan har gwiwa, kifaye na gudu, ya yanke bututun da ya fi alfahari da shi a duk aikin, ya haɗa masa lanƙwasasshiyar mahaɗa ya ɗago bakinsa sama da ruwa. Ya sake fito da kujerarta bakin ƙofa, ya roƙe ta ta zauna ta zama kunnensa. Da ya kunna inji ruwa ya zubo da ƙarfi, ta ce wannan ai wani ne ke cika bokiti, ƙarar ta bugi katanga ta dawo, ko'ina ruwa, ba ta san daga ina yake ba. Ya rage. Ta ce yanzu kamar an manta famfon banɗaki. Ya tara gwangwani, ta ce ya cika tsiwa, zai sa mata ciwon kai. Ya gwada fasasshiyar tukunyar fure, ta ce ya shige ciki, kamar mai magana a rijiya. Abin da ya ba shi mamaki, duk waɗannan muryoyin ya san su. Kowace a cikinsu sunan wata matsala ce da ya taɓa gyarawa a gidan wani: wannan robar da ta cinye, wannan mahaɗar da ta tsage, wannan tankin da ya cika ya tumbatsa. Bai taɓa tsayawa ya ji ko wata ta fi wata daɗi ba.

Sai da rana ta karkata suka dace. Siririn ruwa ne kamar igiya, yana sauka a kan wani faffaɗan dutse da ya jingina, ya gangara ya faɗa cikin tafkin daga tsawon tafin hannu. Ba shi da ƙarfi, amma a wuri ɗaya yake, ba ya yawo. Ta ɗaga hannu ta nuna shi daga inda take zaune, kuma yatsanta bai kauce ba. Ta ce ya bar shi haka, kada ya sake taɓa komai.

Ranar Juma'a ya so su gwada tafiya, ya riƙe ta su je su dawo har ƙafarta ta haddace. Ta ƙi. Ta ce in ya riƙe ta, shi take bi, ba ruwan ba. Wuni ta yi a kujerar nan tana saurare, wani lokaci ta juya kai hagu, wani lokaci dama, ba ta taka ko matakala ɗaya ba. Shi kuwa ya yi ta zirga-zirga, ya kwashe tiyo daga hanya, ya tsince duwatsu, ya datse reshen da ya sunkuyo. Bai san me ta yanke a ranta ba, kuma ya ji tsoron tambaya.

Auta ta iso ranar Asabar da hantsi. Ta gaishe su, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya a babbar jaka, zannuwa, magunguna, rediyo, har da tsohon takalmin robar da uwarta ke sawa in za ta shiga lambu, don uwar ta ce a sa mata shi. Mai Famfo na tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Ya ga rabin durowar ya zama wayam, ya kau da kai.

Da aka zuge jakar, matar ta ce bari ta yi sallama da shukokinta. Auta ta miƙa hannu za ta kama ta, ta ce a'a, ta tsaya nan. Ta bi bango zuwa ƙofar baya, ta sauka matakala ta farko, ta biyu, ƙafarta ta taɓa ƙasar lambu. Auta ta dubi ubanta da ido mai tambaya. Shi kuwa tuni ya zagaya ta bayan bokitan na'ana'a, a kan yatsun ƙafa duk da ciwon gwiwa, ya je ya tsaya a bakin tafkin, daidai gaban dutsen da ruwa ke sauka, ya buɗe hannuwa yana jiran ya tare ta in ta zarce. Ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba.

Ta taho a hankali, haɓarta a ɗage, hannuwanta a gefe. Taku uku, huɗu, biyar. Ta wuce gwaiba ba tare da ta nemi reshe ba. A taku na bakwai ta tsaya. Ta juya kai gefe, ta juyo, goshinta ya tattare. Ya ga hannunta na dama ya fara ɗagowa yana laluben iska, ya ga fuskar nan da ya tarar ranar da ya dawo daga kasuwa tana neman dawowa. Auta ta sauko matakala ɗaya.

"Injiniya," matar ta ce. "Kai ne a gabana?"

Ya ce shi ne.

"To ai ka tare min sautin ruwan. Matsa."

Bai motsa nan take ba. Tsakaninta da bakin dutse taku uku ne, kuma in ya matsa babu kowa a tsakani. Duk abin da ke jikinsa cewa yake ya tsaya. Ya dubi Auta, Auta ta dube shi. Sai ya ja ƙafa ya koma gefe, ya ƙara komawa, ya kai hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya gam.

Goshinta ya saki. Ta ɗan gyara fuska zuwa dama, ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ta wuce shi har mayafinta ya shafi hannun rigarsa. A na uku ta tura ƙafa a hankali, babban yatsanta ya sami dutse. Ta tsaya. Ta durƙusa, ta dafa bakin tafkin, ta miƙa hannu kai tsaye ta tara shi a ƙarƙashin siririn ruwan, sautin ya ɗauke, ta janye hannun ya dawo. Ta yi haka sau biyu. Sannan ta zauna a kan dutsen ta gyara zaninta, ta shaƙi iska, ta ce wa ya bar na'ana'ar nan ta yi fure, ai ta tsufa, tana jin ƙamshinta ya canja.

Auta na tsaye a kan matakala ta rufe baki da hannu.

"Auta, ciro min takalmin lambu, ƙasar nan da danshi. Yana can ƙasan jaka."

Auta ta koma ciki. Ta taga Mai Famfo ya hango ta tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana zubewa a kan gado, don takalmin shi aka fara sawa. Da ta same shi ta tsaya da shi a hannu tana kallon tulin zannuwan. Ta daɗe a haka. Sannan ta jawo durowa ta fara jera su a ciki.

Shi dai yana nan inda ya tsaya, hannuwa a baya, yana tsoron ya motsa ya sake tare wani abu. Idonsa ya cika, ya bar shi, tunda ba shi da hannun gogewa.

"Kana nan?" matarsa ta ce.

Ya ce yana nan.

"To zo ka zauna, ƙafarka za ta dame ka. Ta hagu za ka biyo. Dama ta ruwa ce."